Koren Mayafin Iya

In ban da na katin zaɓe, Iya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Takan ce yaran yanzu sai su ɗaga waya su cusa wa babba a fuska kamar masu duba ciwon ido. Shi ya sa da ta kira jikarta Afra'u da hantsin nan ta ce ta ɗauko akwatin nan nata, sai da Afra'u ta sake tambaya don ta tabbata ta ji daidai.

Akwatin tsohuwar kyamara ce mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya. Afra'u ta samo ta ne a wurin wani dattijon mai hoto a Dutse da ya rufe shagonsa, bayan ta gama jami'a a Kafin Hausa ta dawo gida zaman jiran aiki. Ba a ɗaga ta zuwa ido. A daidai ciki ake riƙe ta, mutum ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama. Wannan ne ya ja hankalin Iya. Ta ga yarinyar tana ɗaukar awaki kanta a ƙasa, ta ce wannan abin ya san kunya, wanda ya ƙera shi ya tashi a gaban manya.

Sun zo ƙauyen ne, can bayan Taura, don su tafi da Iya Dutse. Damina ta cinye gindin katangar ɗakinta, ɗanta Baffa Nata'ala kuma ya yanke cewa za a rushe a gina da bulo. A ɗakin aka kawo ta tana amarya, darbejiyar da ke ƙofarsa kuwa mijinta Malam ne ya dasa. Ita ma za a sare ta, don jijiyoyinta sun shige ƙarƙashin gini.

Iya ta fito sanye da koren mayafin da marigayi Malam ya kawo mata daga Makka, wanda ba ya fita daga adaka sai da salla. Ta zauna a kan tabarma a bakin ƙofa ta gyara shi a kafaɗa.

"Sau ɗaya zan zauna miki," in ji ta. "Ki tabbata mayafin Malam ya fito."

Afra'u ta san abin da ke cikin kyamarar. Fim ne na musamman da ta yi oda daga Legas, wanda aka yi shi don ya canja kala: duk abin da yake kore sai ya mai da shi kalar ɓawon albasa. Ta sa shi ne don duwatsun Dutse da ciyawar da ke fitowa a tsakaninsu, tana son ta ga garin kamar a mafarki. Irin wannan fim hoto goma sha biyu yake ci, kuma in an ɗora shi ba a buɗe bayan kyamara sai ya ƙare, in ba haka ba haske ya ƙone komai. Ta juya ta duba ƙaramar jar tagar baya mai nuna lambar hoton da aka kai. Saura biyu. Wani fim ɗin kuma babu shi a jakarta, babu shi a Jigawa kaf.

Maganar ta zo mata har maƙogwaro. Amma Baffa yana tsaye yana duba agogo, mota na jira a waje, matan gidan sun taru suna dariya wai yau Iya za ta shiga akwati. Idan ta ce a jira, ta san Iya za ta naɗe mayafinta ta ce dama ba ta so, kuma shi ke nan har abada. Yayanta Uwaisu ya zaro wayarsa a ɓoye, Iya ta hango shi ta ja mayafi ta rufe fuska har sai da ya mayar aljihu.

Afra'u ta sunkuya. A cikin gilashin Iya na zaune tsaf, hagu ya koma dama kamar a madubi, ganyen darbejiya na motsi a samanta, mayafin kore shar. Ta danna, ta murɗa, ta sake dannawa. Iya ta tambaya ko har an gama, ba ta ji komai ba.

Fim ɗin ya tafi Legas wanki a motar kaya. Kafin ya dawo an rushe ɗakin, an faskara darbejiya an yi itace. Iya ta koma ɗakin baƙi a gidansu na Dutse, inda take yini tana kallon fanka. Duk safiya in Afra'u ta durƙusa gaishe ta, sai ta tambaya ko an fito da ita daga akwatin. Afra'u ta ce tukuna. Ita Afra'un har abinci ya daina shigar mata. Takan gaya wa kanta cewa wataƙila fim ɗin ya tsufa bai yi aikinsa ba, wataƙila inuwa ta kare mayafin.

Ranar da hotunan suka zo ta kulle kanta a ɗaki ta buɗe. Duwatsun sun yi kyan da take nema, ba ta ko tsaya a kansu ba. Na ƙarshen ne ta zaro. Fuskar Iya ta fito ras, har tsagen da ke kumatunta. Mayafin kuwa da darbejiyar sun zama ɓawon albasa daga sama har ƙasa.

Uwaisu ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Iya ta shiga ƙungiyar mata masu anko. Da ya ga idonta ya ciko sai ya sassauta, ya ce ai a kwamfuta ake gyara irin wannan. Ta gwada. In ta dawo da koren sai fuskar Iya ta koma ta marar lafiya. Ta mai da shi fari da baƙi, mayafin ya zama kowane mayafi. Ta rufe kwamfutar.

Bayan la'asar ta ɗauki hoton yadda yake ta shiga wurin Iya. Ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu, ta faɗi abin da ya faru a gajarce. Ta ce ta sani tun a lokacin.

Iya ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi, ta karkata zuwa taga. Ta daɗe.

"Wannan ba mayafin Malam ba ne," ta ce.

Afra'u ba ta ɗago ba. Tana jin ƙarar fanka, tana jin Uwaisu ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Can sai ta ji Iya ta yi wani ɗan sauti a hanci. Yatsanta yana kan hoton, ba a kan mayafin ba, a kan wata ƙusa da ke jikin katanga sama da ƙofa. Ta ce a nan Malam ke rataye carbinsa. Yatsan ya gangara kan tsagewar bango, ya tsaya a dokin ƙofa inda ya lotsa saboda taku. Ta tambaya ko wannan ɗan duhun turminta ne a ciki, Afra'u ta leƙa ta ce shi ne.

"Buɗe adakar nan ki miƙo min shi."

Afra'u ta ɗauko mayafin. Iya ta shimfiɗa shi a cinya ta ɗora hoton a kai, kore a ƙasa, ɓawon albasa a sama.

"Shi yana nan, mai son kalarsa ya zo ya gani. Ɗakin ne babu." Ta harari Afra'u ta gefen ido. "Amma ke da kin buɗe baki a lokacin, 'yar nan, da baƙin zanena na saka na bar miki albasarki. Kunya har da kaka?"

Ta sa Uwaisu ya nemo ƙusa biyu ya kafa a bango, kusa da juna. A ɗaya aka rataye hoton. Ɗayar kuwa, Iya ta miƙe da kanta, tana dafe da kafaɗar Afra'u, ta rataye mayafin.