Taga a Ɓangaren Fasinja

Tun ranar da aka buɗe reshen gidan abincin, Dogo ne a tagar da masu mota ke karɓar abinci. Manaja ba don iya magana ta sa shi a wurin ba, don tsawon hannunsa ne. Idan mota ta tsaya, sai ya zuro rabin jikinsa waje, cikinsa a kan katakon taga, ya miƙa ledar soyayyar kaza ta ƙetare kujerar fasinja kafin ta isa hannun direba. Direban kuma ya kwance bel, ya karkato, ya daki giyar mota da gwiwar hannu. Lemo kan zube a kujera, dankali ya watse a ƙasan mota. Yawancin waɗanda suka zo sau ɗaya ba sa ƙarawa.

Dalilin a fili yake. Kamfanin yana da rassa a ƙasashe da yawa, kuma zanen gini ɗaya yake aika wa kowa. An zana shi ne a ƙasar da hedikwata take, inda direba ke zama a ɗaya ɓangaren motar. Magina suka bi zanen sau da ƙafa, har kibiyoyin da aka shafa a kan kwalta. Shi ke nan taga ta faɗo a ɓangaren fasinja.

Manaja ta kai ƙorafi. Aka ce mata zanen nan yana aiki a dubban rassa, kuma ba a taɓa ko ƙusa sai da izini. Jami'in da ke duba rassan yankin, wanda ma'aikata ke kira Babban Baƙo, ya sha zuwa ya gwada tagar da kansa, kullum yana cewa lafiyarta ƙalau, ma'aikata ne ba su da zafin nama. Yanzu ya aiko cewa zuwansa na gaba shi ne na yanke hukunci: idan cinikin taga bai tashi ba, za a rufe reshen.

Da yamma Manaja ta koma gida ta tarar da mijinta yana wanke tsohuwar motarsa ta koyar da tuƙi. Ya yi ritaya, amma bai yarda an cire birkin malami da ke gefen fasinja ba.

"Manaja, yau ma Dogo bai faɗo ba?" ya tambaya.

"Malam, ka bar wasa. Mutanen nan da iyalansu suke ci a wurin nan."

Ya matse soso. "To ai na gaya miki. Ku shigo da motoci ta mafita, su fita ta mashiga. Mota ta zagaya ginin ta wancan hannun, taga ta koma gefen direba."

"Idan na juya ba izini, a ranar za su sallame ni."

"Shi mutumin naku ba ya gani ne? Ko da ƙafa yake zuwa?"

Ta tsaya tana kallon kujerar malami ta cikin gilashi. Babban Baƙo bai taɓa zuwa yana tuƙi ba. Direba ke kawo shi, shi kuwa yana gaba a kujerar fasinja, taga daidai kafaɗarsa. Dogo ko miƙewa ba ya yi idan shi ne.

"Malam," ta ce, "robobin nan naka masu tsini na jera wa ɗalibai, suna nan?"

"Suna ɗakin ajiya. Me za ki yi da su?"

"Kai ma ina neman ka. Ka sa rigarka mai ƙyalli."

Ranar zuwansa, Babban Baƙo ya iso daf da lokacin abincin rana, farar riga a goge. Manaja ta tare shi a ƙofa, ta gaishe shi, ta sa aka zaunar da direbansa a ciki aka ajiye masa faranti cike.

"Yallaɓai, dokar kamfani ta ce mai dubawa ya saya kamar yadda kowa ke saye, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To masu zuwa tagarmu yawanci su kaɗai ne a mota. Daga wurin aiki suke fitowa. Da za ka daure ka shiga layin kai kaɗai."

Ya dube ta, ya dubi direbansa da ya riga ya kai cinyar kaza baki. Ya karɓi makulli.

Ta tsaya bayan Dogo tana kallo. Motar ta tsaya. Babban Baƙo ya sauke gilashin gefensa, ya ga katanga. Ya sauke ɗayan. Ya miƙo hannu, bel ya riƙe shi. Ya kwance, ya karkato, motar ta ɗan zabura. Dogo ya zuro har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Ƙara matsowa kaɗan, ranka ya daɗe, saura ƙiris!"

Ledar ta isa. Kofin lemo ne bai isa lafiya ba. Murfin ya fice, ruwan ya bi hannun farar riga har ƙirji. Wani a baya ya danna oda ya ƙi saki, ya leƙo yana cewa, "Malam, idan kwana za ka yi a nan ka faɗa mana!"

Babban Baƙo ya shigo yana goge riga da takarda. Manaja ta miƙa masa tawul.

"Yallaɓai, ka ba ni izinin juya hanyar motoci a lokacin abincin ranar yau kaɗai. Idan bai yi ba, ka rufe, ba zan ce uffan ba."

Ya daɗe yana duban tabon rigarsa. "Yau kaɗai," ya ce.

Ta ɗaga wa mijinta hannu ta gilashi. Malam ya fito daga motarsa da riga mai ƙyalli, ya jera robobinsa a kan kibiyoyin kwalta, ya tsaya a bakin titi yana juya motoci kamar an mayar da shi aiki. Allon zaɓen abinci ya koma baya yanzu, don haka Manaja da kanta ta ɗauki ƙaramin allo da rediyon hannu ta tsaya a sabuwar mashiga, tana karɓar odar abinci tana faɗa wa kicin.

Motar farko ta zagayo ta tsaya. Direba ya ɗora gwiwar hannu a ƙofa, Dogo ya ajiye masa leda a tafi. Mutumin ya dubi ledar, ya dubi Dogo.

"Yau kuma ba za mu yi kokawar ba?"

Layin ya fara tafiya. Masu wucewa a titi da suka saba ganin cunkoso suka ga motoci na shiga suna fita, suka karyo kan mota. Kicin ya rikice da kira, mai soya dankali na ihu a ƙaro masa buhu. Direban Babban Baƙo ma ya bar farantinsa ya zo yana taya ɗaure leda.

Da rana ta ɗan yi sanyi Manaja ta shigo, muryarta ta dushe. Ta sami Babban Baƙo tsaye a bayan Dogo, waya a kunne.

"A'a, ba za a rufe ba," yake cewa. "A turo masu fenti da masu dasa allo. Sannan a duba min duk rassan da aka gina da zanen nan a ƙasashen da direba ke zama a gefe irin na nan. Eh, dukansu." Ya saurara, ya dubi rigarsa. "Na gwada da kaina."

Ya kashe wayar ya juyo gare ta. "Taron manajoji na gaba, ke za ki yi bayani. Ki zo da mai rigar ƙyallin can."

Ma'aikata suka ɓarke da shewa da tafi. Malam ya shigo da robobinsa a hammata yana tambayar ko aikin nan da abinci ne. Aka cika masa faranti.

Dogo kaɗai ya tsaya yana juya hannuwansa.

"Anti, to ni yanzu me zan yi da duk wannan tsawon?"

Ta nuna masa sama. "Ƙwan fitilar can ya mutu tun makon jiya. Amma tukuna, ga mota ta tsaya."