Rabin Hoton da Na Yanke

Aikina a gidan jaridarmu ba fita neman labari ba ne. Wakilai ne ke fita su aiko, ni kuma in zauna a teburin da ke bakin taga in rage tsawon labarin, in sa masa kanu, in daidaita hoto. Shi ya sa abokan aiki suke ce mini Almakashi. Gurbin kanu a shafinmu na waya ba ya ɗaukar fiye da layi biyu, gurbin hoto kuwa tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne. Duk abin da ya wuce haka, ni ke yanke shi.

Ranar Litinin da hantsi Dogo ya kira ni. Shi ne wakilinmu mai bin labaran hatsari da gobara.

"Almakashi, kana kan kujera? An yi karo a shataletalen asibiti. Mota biyu, ɗaya ta ƙone ƙurmus, amma ba a rasa rai ba. Na turo maka hoto da sakin layi huɗu. Don Allah kar ka yi musu irin askin jiya."

Na buɗe hoton. Mai faɗi ne. A hannun dama ga wata tsohuwar akori-kura tana ci da wuta, jarkoki warwatse a kan kwalta. A hannun hagu ga farar ƙaramar bas mai aiki da lantarki, goshinta ya lotse, hayaƙin akori-kurar ya lulluɓe rufinta. Na karanta rubutun Dogo daga farko har ƙarshe, ba zan ce ban karanta ba. Sakin layi na uku ya ce jarkokin fetur ne a bayan akori-kurar, kuma daga nan wutar ta tashi. Na huɗu ya ce direban bas ɗin ne ya jawo ɗaya direban daga cikin wutar.

Edita ya zo wucewa da kofin shayinsa, ya leƙa ta kafaɗata.

"Ta lantarki ce wannan? Sa ta a gaba. Wa zai danna don ganin akori-kura?"

Bai ce in yi ƙarya ba, ni ma ban yi niyya ba. Hoton ba zai shiga gurbin ba sai an yanke rabi, sai na yanke na dama. Abin da ya rage shi ne farar bas da baƙin hayaƙi a kanta. Na rubuta: "Motar lantarki ta yi karo, wuta ta tashi a shataletale." Na ƙirga, layi biyu cif. Kafin azahar labarin ya fi kowanne samun masu karatu, Edita ya dafa ni ya ce hannuna da albarka. Na ji daɗi ƙwarai, har na ba matata labari da na koma gida.

Ranar Laraba mai tsaron ƙofa ya hawo ya ce wata mata na neman wanda ya rubuta labarin gobara. Na sauka na same ta a tsaye, ta ƙi zama a bencin baƙi.

"Kai ne ka rubuta, Malam?"

"Wakilinmu ne ya rubuta, baiwar Allah. Ni kanu kawai na sa."

"To, kai nake nema. Wa ke karanta sauran?"

Ita ce matar direban bas ɗin. Ta yi mini bayani a natse, ba ta ɗaga murya ba. Shekara uku ke nan mijinta na kai yara sha ɗaya wata makarantar firamare yana ɗauko su. Yaran suna ce masa Baba Shiru, saboda motarsa ba ta ƙara. Ranar da abin ya faru ya riga ya sauke su, shi kaɗai ne a ciki. Motar fitila da bamba kawai ta rasa. Amma a hoton da na bari, tambarin makarantar na nan a jikin ƙofa ɓaro-ɓaro. Iyayen yaran sun yi ta tura wa juna hoton da kanun a waya, shugabar makaranta ta dakatar da shi, kuma ranar Juma'a da yamma iyaye za su zauna su yanke ko zai ci gaba da aikin.

"Hannuwansa biyu a naɗe suke da bandeji," in ji ta. "Ni nake ba shi abinci a baki. Jiya ya ce in karanta masa labarin, na karanta har ƙasa. Ya ce, ai sun faɗi gaskiya, a ƙasa ne dai."

Na rasa inda zan sa idona, sai na kalli jakarta.

Da na koma sama na tarar Dogo ya ji komai daga mai tsaron ƙofa.

"Na ce kar ka yi aski, kai kuma ka cire kan gaba ɗaya," ya ce. Ba da dariya ya faɗa ba.

Edita kuwa tambaya ɗaya ya yi mini: "Wace kalma ce ƙarya a ciki? Motar ba ta yi karo ba? Wuta ba ta tashi ba?" Duk da haka ya yarda in canza hoton, in ƙara layin gyara a ƙasan labarin. Na yi. Amma labarin ya riga ya sauka daga shafin farko, wanda ke yawo a wayoyin iyaye kuma tsohon ne, ba abin da zan taɓa daga teburina ya canza shi.

Ranar Juma'a na buga cikakken hoton a babbar takarda, na ninke ta daidai inda na yanke, na tafi makarantar. A ajin 'yan aji biyu aka yi zaman. Iyaye tara ne, a kan ƙananan kujeru, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Baba Shiru na zaune a baya kusa da matarsa, dattijo siriri, hannuwansa a kan cinya. Na gabatar da kaina ga shugabar, ta ce in yi magana amma in taƙaita.

Na ɗaga takardar a ninke.

"Wannan kuka gani, ko ba haka ba?"

Suka ce shi ne. Sai na ware ta. Na nuna musu akori-kurar da jarkokin, na nuna inda hayaƙin ya taso da inda iska ta kai shi. Na karanta musu sakin layi na uku da na huɗu a hankali. Na ce mai hoto bai yi laifi ba, direba bai yi ba, ni ne na yanke.

Wani uba mai tabarau ya ce, "To, me ya sa ka yi haka?"

"Don ku danna," na ce.

"Kai, ka ji mutum! Yau kuma don me za mu yarda da kai?"

"Kar ku yarda da ni. Ga lambar ofishin 'yan kwana-kwana, su suka kashe wutar."

Shugabar ta kira a gabanmu, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Jami'in ya ce bas ɗin ko tayarta ba ta kama wuta ba. Na fara jin sanyi a raina. Sai wata uwa a layin gaba ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Malam, na yarda da kai. Baba, ka yi haƙuri, ka san yadda 'yata take son ka. Amma kwana huɗu ina kallon hoton nan. Ko yanzu in na rufe ido, motar nake gani da hayaƙi, da 'yata a kujerar taga. Na san ba haka aka yi ba. Ba zan dai iya sa ta a ciki ba."

Ba wanda ya yi mata musu. Ai ba ƙarya ta yi ba. Aka ɗaga hannu: huɗu suka ce ya dawo, biyar suka ce a nemi wata mota. Shugabar ta rubuta, ta yi wa Baba Shiru godiya a kan shekara ukun da ya yi.

A tsakar makarantar na tsaya jiransu. Na shirya kalmomin ban haƙuri tun a hanya, amma da ya iso gabana sai kawai na ce, "Baba, ni ne."

"Na ji ai," ya ce. "Ka kyauta da ka zo. Mutumin nan na akori-kura, ko kun ji yaya jikinsa?"

Na ce masa ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba.

Ya gyaɗa kai, sannan ya nuna takardar da haɓarsa. "In ba za ka yi amfani da wannan ba, ka ba ni. Tsohuwata na gida, jikokinta sun nuna mata wancan. Tun Litinin take cewa in sayar da motar kafin ta kashe ni."

Na miƙa masa, na manta ba zai iya riƙewa ba. Matarsa ta karɓa ta shimfiɗa a kan bonet ɗin wata mota. Ya sunkuya ya sa bayan hannunsa mai bandeji yana goga layin ninkin a hankali, yana so ya kwanta, layin bai kwanta ba.