Shamuwa a Kan Ƙarfen Sabis

Shekarar da Malam Gidaɗo na Bulkachuwa ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi hannun jari, shamuwa da wuri ta zo.

Hyacinth ne ya ja shi cikin harkar. Hyacinth Inyamuri ne, amma a Azare aka yanke masa cibiya, kuma a shagonsa na kayan waya Malam Gidaɗo kan huta duk ranar kasuwa. Shi da wata injiniya mai suna Yetunde suka buɗe ƙaramin kamfani na kai intanet ƙauyuka. Ƙarfensu na farko a gefen gonar Malam Gidaɗo suka kafa shi, da farin faranti a ƙoli yana kallon yamma, wajen Azare. Tsohon ya yi ta zagaya ƙarfen yana mamakin yadda maganar mutum za ta bi iska ta faɗa cikin faranti ba ta zube ba. Da ya ji ana neman masu zuba jari, sai ya kora bijimansa biyu gidan maƙwabcinsa Babayo ya sayar masa, ya kai kuɗin Azare.

"To Malam," in ji matarsa Ummu Salma, "bana ƙarfen ne zai yi mana huɗa, ko farantin?"

Hankalinsa na kan ranar Asabar, ranar baje kolin na'urorin sadarwa a Azare. Manyan 'yan kasuwa za su zo daga Kano da Legas, kuma an shirya za a nuna musu shi a babban allo, yana tsaye a gonarsa yana gaishe su. In hoto ya fita tas, za su zuba kuɗi, kamfani ya tsaya da ƙafarsa. In bai fita ba, Hyacinth bai ɓoye masa ba, kamfani ya mutu, bijimansa sun bi shi.

Ana cikin wannan jira, wata safiya ya ɗaga kai ya ga shamuwa biyu a kan ƙarfen. Da can ganin shamuwa murna ne gare shi, don ita ke cewa ruwa ya kusa. Bana kuwa babu murna: ga damina tafe, ga turke babu sa. Kafin a ankara sun jibga ƙirare a daidai bakin farantin, macen ta kwanta. Sabis ya fara zuwa yana ɗaukewa kamar numfashin mai asma.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Hyacinth da Yetunde suka iso da mai hawa ƙarfensu, wani ƙaƙƙarfan mutum Naziru. Naziru ya ɗaura bel ya haye, ya leƙa, ya sauko a hankali yana goge hannu a wando.

"Akwai ƙwai," ya ce.

"To a zubar mana," in ji Yetunde. "Gobe ne fa."

"Injiniya, ki sa ni in kama wayar wuta da hannu, zan kama. Sheƙar shamuwa kam, a nemi wani. Ina da 'ya'ya ƙanana."

Yetunde ta juya ga Hyacinth. "Kai fa, Oga? Ai kai coci kake zuwa."

"Coci nake zuwa, amma a Azare na tashi," in ji Hyacinth yana sosa ƙeya. "Tun muna yara ko da danƙo ba ma harbinta. Ba da ni ba."

Duk suka dubi Malam Gidaɗo, mai gona. Kalma ɗaya ce zai faɗa, a samu wani marar tsoro daga tasha ya ture sheƙar. Amma a garin da ya tashi, baƙuwar da ta kawo ruwa ba a fasa mata gida, kuma gobe duk wanda shukarsa ta ƙone zai san ƙofar da zai nuna.

"Ba za a taɓa ta ba," ya ce.

Yetunde ta yi tsaki, ta zagaya ƙarfen tana duba wata na'ura a hannunta. Can ta ce a bar sheƙar, a sauko da farantin ƙasa da ita. Naziru ya koma sama ya kwance ya ɗaure. Sabis bai zo ba. Ta sa hannu a goshi ta hangi yamma, ta nuna babban gawon da ke tsakiyar gonar.

"Baba, yanzu wancan ne ya tare hanya. Rassan nan na sama, sai sun sauka."

Naziru ya dubi ƙayar gawon ya ce shi ƙarfe ya koya, bai koyi itace ba. Rana kuma ta yi ƙasa, dole suka koma Azare shirya rumfarsu.

Da gari ya waye Malam Gidaɗo ya wasa gatari. Rabonsa da hawan gawo tun yana saurayi, lokacin da yake sare wa shanun mahaifinsa ganye da bazara. Ummu Salma ta biyo shi har gindin itacen.

"Ka sayar da shanu, yanzu kuma ƙashin bayanka za ka sayar?"

"Riƙe mini wayar nan. In ta yi ƙara, ki ce ina zuwa."

Ya hau. Ƙaya na cin tafin hannu, gari kuwa ya yi ɗif da zafin da kan zo gabanin hadari. Daga can sama ya ga shamuwar kusa da kusa, da jan fata a gefen ido, tana kallonsa kamar ita ce mai gonar. Ya sara, ya huta, ya sara. Wayar ta yi ƙara a ƙasa.

"Hyacinth ne!" Ummu Salma ta ɗaga murya. "Wai baƙi sun zauna, allo baƙi ƙirin!"

Reshe na farko ya faɗi. Na biyu ya maƙale, sai da ya tura shi da ƙafa, har ya kusa binsa. Na ƙarshe, mai kaurin cinya, ya ƙi. Hannunsa ya mutu, gatarin na zamewa. Ya tuna tozon bijimansa, ya ja numfashi, ya ci gaba da sara har reshen ya yi ƙara ya tafi.

Bai gama saukowa ba ya ji Ummu Salma ta yi salati. Ta juyo masa wayar, sai ga ɗaki cike da mutane masu manyan riguna da kwat, suna kallon wani tsoho rungume da gawo, ba hula, riga a yage. Shi ne.

"Baba, yi magana!" muryar Hyacinth ta fito tas. "Suna jin ka!"

Duk gaisuwar da ya haddace ta gudu. "Sannunku da zuwa," ya ce yana haki. "Shamuwa ta sauka a nan. Ku da ke da gona, ku shirya iri."

Aka kwashe da dariya da tafi. Wani Alhaji mutumin Kano ya matso yana tambaya ko da gaske daga Bulkachuwa ne. Bayan azahar Hyacinth ya sake kira: mutumin Kano ya amince, har yana son a kafa wani ƙarfen a Disina. Riba kuwa, sai an yi haƙuri zuwa baɗi.

Baɗi ba ta huɗar bana. Malam Gidaɗo ya tsaya yana duban tulin ganyen gawo a ƙasa, ɗanye shar, a lokacin da ko tsinken ciyawa babu a daji. Ya ɗaure dami, ya aza a ka, ya nufi gidan Babayo. Bijiman suka gane shi tun daga ƙofa, suka miƙe.

Babayo ya dubi ganyen, ya dubi hannun da ke zubar jini. "Akwai saura?"

"Rabin itace."

"To, kawo musu. In ruwa ya sauka, ka zo ka ɗauke su ka yi taka huɗar bayan tawa."

A hanyar komawa iska mai sanyi ta taso daga gabas. Malam Gidaɗo ya ɗaga kai ya dubi farantin, ya dubi sheƙar da ke lilo a samansa, ya ƙara sauri.