Kwana Tara a Djougou

Shekara takwas da samun 'yancin Dahome, a tsakiyar damina, Alhaji Abduljalil na Djougou ya aiko motarsa Parakou a ɗauko Dogo mahauci da iyalinsa. Direban ya ajiye Fijo a bakin lungu a unguwar Ganou, don ba ta iya shiga, ya bi da ƙafa yana tambayar gidan. Saƙon da baki ne. Alhaji ya ce tun da yara sun samu hutun lakwal, wato makarantar boko, a zo a huta a gidansa, kuma kada a kawo masa uzuri.

Dogo bai san hutu ba. Yana da tebur a layin mahauta, kullum yana yanka sa guda, jajibirin salla biyu ko uku. Ya yi ta juya maganar har la'asar, sannan ya kira ƙaninsa Talle ya bar masa tebur da wuƙaƙe. Matarsa Rabi'atu ta yi dambun nama cike da kwano don tsaraba, ta yi wa 'ya'yansu biyu, Lubabatu da Ummuhani, kitso. Washegari bayan asuba suka kama hanya.

Da Dogo da Abduljalil sun san juna tun suna samari, lokacin da suke kora shanun mutane da ƙafa daga Kandi zuwa Parakou. Daga baya mahaifin Abduljalil ya rasu, ya koma gida ya gaji cinikin goro, ya sayi manyan motoci uku, ya je Makka sau biyu. Tun daga nan sai dai su haɗu sau ɗaya a shekara a tashar jirgin ƙasa, su gaisa a tsaye.

Gidan bene ne mai fenti shuɗi, kusa da kasuwa. Akwai injin wuta a bayan gida, da firigo, na'urar sanyaya ruwa, mai aiki da kananzir. Aka kai Rabi'atu da yara ɓangaren uwargida, Hajiya Mairamu, shi kuwa Dogo aka ba shi ɗaki a sama mai gadon ƙarfe da taga tana kallon masallaci. Alhaji ya rungume shi, ya ce gobe za su je Sérou ya nuna masa gonarsa da garkensa. Goben ta zo, motar goro ta lalace a hanya. Jibi kuma aka kira shi wajen kwamanda mai mulkin gari. Haka kwanaki suka yi ta tafiya.

Abin da ba ya yankewa a gidan shi ne baƙi. Duk wanda ya shigo falo, sai Alhaji ya sa a kira Dogo.

"Ka ga wannan?" ya ce wa wani dillalin goro a rana ta farko. "Shi ne Dogo da nake ba ku labari. Kurkunu ya kama ni a hanyar Kandi, ƙafata ta kumbura kamar turmi, abokan tafiya suka ce a bar ni a ƙauye. Shi ya goya ni wuni guda cur."

Dillalin ya sake miƙa wa Dogo hannu, ya sa masa albarka. Dogo ya ce babu komai.

Rana ta biyu wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zo, Alhaji ya ba shi labarin da Faransanci. Dogo ba ya jin Faransanci sosai, amma ya ga yatsu biyu da Alhaji ya ɗaga. Ranar da liman ya zo cin abincin rana, goyon ya kai kwana uku, har da kuraye suna bin su a baya.

A cikin gida Hajiya Mairamu ta karɓi Rabi'atu da mutunci. Ta ba ta turmi biyu na atamfa da turare, ta hana ta taɓa ko tsintsiya. "Haba Maman Luba, hutu kika zo," take cewa, in ta ga ta doshi madafa. Sai Rabi'atu ta dawo ta zauna a kujera, tana kallon 'yan aiki uku suna yin abin da ita kaɗai take gamawa kafin azahar. Ummuhani ta sha ruwan sanyi har muryarta ta dishe. Lubabatu, mai shekara goma sha biyu, ta manne wa 'yar Hajiya, suna buɗe mujallu masu hotunan riguna, ta daina amsa kira da sauri.

A rana ta biyar Dogo ya sami matarsa ita kaɗai a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida.

"Kin ji abin da Alhaji yake gaya wa mutane?"

"Na ji, Malam. Har a ɓangaren mata ana maimaitawa. To ka goya shi ko ba ka goya shi ba?"

"Na goya shi. Daga gindin wata ɗorawa zuwa bakin rafi, bai fi daga nan zuwa masallacin can ba. A rafin muka sami mai jaki."

"Kurayen fa?"

"Ni dai ban ga kura ba."

Rabi'atu ta ce ai ba zaginsa yake yi ba, yabo ne. Dogo ya ce ya sani, sai dai an sa shi yana karɓar addu'ar da bai yi aikinta ba, har daga bakin liman.

Da yamma ya fita kasuwa shi kaɗai, ya tsaya a layin mahauta yana kallon yadda suke fiɗa. Wani ya gane shi, ya ba shi benci, kafin a jima ya naɗe hannun riga yana nuna musu inda ake raba cinya da ƙugu ba a lalata tsoka ba. Labari ya riga shi isa gida. Alhaji ya yi dariya, amma ya ce baƙonsa ba ya riƙe wuƙa a garin nan, mutane za su ce bai ciyar da shi ba.

Sai a rana ta bakwai aka tafi Sérou, su biyu kawai, Alhaji na tuƙi da kansa. An yi ruwa da safe. Ba su yi nisa da barin babbar hanya ba, ƙafafun baya suka nutse a jar laka. Alhaji ya taka mai, motar ta ƙara zama. Dogo ya fita ya tura har laka ta wanke masa gaban riga, motar ba ta motsa ba. Wani manomi da ke wucewa ya ce zai kira mutane daga gona, amma sai sun kai ƙarshen kunya.

Suka zauna a kan kututture. Alhaji ya cire babbar riga da takalma, ya ajiye a rufin mota. Wata mata ta zo da gasasshiyar masara a faranti, suka ɗauki biyu-biyu.

"Alhaji," Dogo ya ce, "ba kwana uku ba ne."

Alhaji ya ci gaba da tauna. "Daga ɗorawa zuwa rafi ne," ya ce. "Mai jakin Babarbare ne mai ido ɗaya, jakin kuma ya kayar da ni sau biyu. Kana tsammani na manta?"

"To me ya kawo kuraye?"

"Duk wanda ya shigo falon nan, da abin da ya zo nema. In na ce mutum ya goya ni taku ɗari biyu don Allah, sai su ce to me aka yi. Ni kuwa na san abin da aka yi, don mu shida ne a tafiyar, huɗu suka bi shanu." Ya jefar da totuwar. "Kuma bakina ya saba."

Dogo ya ƙarasa masararsa. Can sai Alhaji ya ce yana neman wanda zai kula masa da garken Sérou, akwai gida a Djougou da babu kowa a ciki, yara su yi lakwal tare da nasa. Ya ce tun farko maganar da ya so yi ke nan.

"In na dawo garin nan," Dogo ya ce, "wata uku ba za su cika ba za ka fara aikena."

Alhaji ya dube shi, ya yi dariya har da tari. Ya ce gaskiya ne, zai fara.

Mutum bakwai suka zo da rassan itace da fartanya, suka fid da motar. Lokacin azahar ya wuce, hadari kuma yana haɗuwa, sai suka juyo ba su ga gonar ba.

Washegari wani mai motocin auduga ya zo daga Natitingou, aka kira Dogo falo kamar kullum. Alhaji ya ba da labarin, kwana uku, da kuraye. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Dogo?"

"An dai sha wuya," Dogo ya ce.

A rana ta tara direba ya mai da su. An cika bayan mota da doya, da huhun goro ƙarami, da buhun shinkafa. Lubabatu ta yi kuka har suka fita gari, sannan ta yi barci a kafaɗar uwarta. A hanya Dogo ya gaya wa Rabi'atu maganar garke da amsar da ya bayar. Ta tambaya ko ya ga gidan da aka ce babu kowa a ciki. Ya ce bai gani ba. Ta ce ita an nuna mata, yana da rijiya a tsakar gida.

Sun tarar Talle ya yi faɗa da Bafulatanin da ke kawo musu shanu, kwana uku ke nan ba a yi yanka ba. Rabi'atu ta raba doya ga maƙwabta, ta hura wuta. Dogo ya sha ruwa, ya canza riga, ya ɗauki goro ashirin daga huhun ya nufi kara ya ba mutumin haƙuri kafin kasuwa ta watse.