Murfin Injin Citta

Ranar Alhamis da hantsi Hulda ta sauka daga bas a Kachia, jakar kwamfuta a bayanta, ta ɗare acaba da murfin ƙarfe a kan cinya. Ba wani nauyi gare shi ba, amma girmansa ya sa ba ta ganin hanya sai ta leƙa ta gefe.

Murfin na injin yanka citta ne, injin ƙungiyar matan unguwarsu Mama Faustina, yayar mahaifiyarta. Tsohon murfin ya tsage tun makon jiya. Kamar akwati yake, ana kifa shi a kan faifan wuƙaƙe, kuma in babu shi ba mai tada injin, don faifan ba ya bambanta citta da yatsa. Mama Faustina ce shugabar ƙungiyar, ita ce kuma ta miƙe a taro ta ce ba sai an je Kaduna ba, tana da 'ya da ta karanta injiniya a nan Kafanchan. Hulda ta zo ta auna, ta koma ta zana a kwamfuta, ta kai wa Baba Azariya mai walda a Kafanchan, ta ce wa mata Alhamis.

Su kuwa suka riƙe Alhamis ɗin nan hannu bibbiyu. Talata da Laraba suka haƙe citta buhu arba'in, suka wanke ta tas, suka jibge a rumfa. Citta kuwa in ta sha wanka ba ta jira. Kwana biyu zuwa uku a jibge, sai ta ɗau zafi daga ƙasa, sai fumfuna.

Mata sun fi goma a bakin rumfar lokacin da ta iso. Aka kama mata, ta kifa murfin. Ramukan noti huɗu suka hau daidai, ko girgiza babu. Hulda ta ɗaure na farko, ta ɗaure na biyu, ta zagaya dama don ta ajiye daro a ƙarƙashin tagar da yankakkiyar citta ke zubowa.

Babu taga. Bango ne sumul, yana ƙyalli.

Ta zagayo hagu. Ga tagar nan, an yanke ta tsaf, an goge bakinta, tana kallon bel ɗin injin. In aka tada, duk abin da aka yanka cikin bel zai zuba.

"Hulda," in ji Mama Faustina, "wannan tagar ta shan iska ce?"

"Ina zuwa, Mama."

Serah, magatakardar ƙungiyar, ta leƙa hagu, ta leƙa dama. "To, mu juya injin ya kalli Zonkwa mana. Ko kwamfuta bai faɗa miki hannun da muke cin tuwo da shi ba?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka kalli buhuna. Hulda ta ciro tef ta auna tagar. Faɗi daidai, tsawo daidai, ko milimita ɗaya ba ta kauce ba. Ta koma gefe ta kira Baba Azariya a waya.

"Baba, tagar a hagu ka yanka."

"A hagu takarda ya ce."

"A dama na zana."

"'Yata, shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin fita, mai haɗa ƙarafa, a reluwe. Ban taɓa yanka ƙarfe a inda takarda bai ce ba. Ki kawo shi."

Hulda ta kwance notunan da ta ɗaure. Mama Faustina ta juya ga mata ta ce kowa ta je gida ta ɗauko wuƙa da kujera. Da hannu ake tsaga citta tun kafin a san inji. Illa dai mace ɗaya, in ta yi ƙoƙari, da ƙyar ta ga bayan buhu guda kafin rana ta faɗi.

"Yaushe?" Mama Faustina ta tambayi Hulda a bakin titi.

"Gobe."

"Jiya ma gobe ne."

Ƙarfe biyu ta wuce lokacin da Hulda ta shiga garejin Baba Azariya, can bayan layin dogo. Tsoho ne dogo, da gilashi ɗaure da zare a wuya. Ya riga ya shimfiɗa takardar a kan benci, ya danne kusurwoyinta da notuna. Zane biyu ne a jere a kanta: murfin in an kalle shi ta gaba, sai a damansa hoton gefe mai ɗauke da taga.

Hulda ta ɗora yatsa. "Ga shi. Gefen yana dama, to gefen dama ne."

"Yana dama, to gefen hagu ne."

Ta dube shi, ya dube ta. Ya laluba aljihu ya fito da kwalin ashana, ya kwantar a kan bencin, ya ɗiga alli a gefensa na hagu.

"Ki duba. Wannan fuskarsa ne. Ina so in zana gefe, sai in mirgina shi." Ya mirgina kwalin zuwa dama. Gefen mai alli ya dawo sama yana kallonsu. "Wane gefe kike gani?"

"Hagu."

"A ina yake kwance?"

"A dama."

"To. Haka aka koya mana, haka duk takardun reluwe suke. Abin da ka gani ta hagu, a dama kake ajiye shi."

Hulda ta zauna a kan wani tsohon taya. Ta san wannan. An koyar da su a shekarar farko a makaranta, ta ci jarrabawa, ta manta. Hanya biyu ce ta jera hotunan abu ɗaya a takarda. A ɗaya kana mirgina abin, kamar yadda Baba ya yi. A ɗayar abin na nan zaune, kai ne kake zagayawa, abin da ka gani ta dama ka ajiye a dama. Manhajar da take zane da ita a kan ta biyun ta zo, ita kuma ba ta taɓa canjawa ba. Duk biyun daidai ne. Shi ya sa ake buga wata 'yar alama a ƙasan takarda, mai kama da bokiti a kwance da da'ira biyu kusa da shi, don mai ƙira ya san wadda aka bi.

"Ina bokitin?" in ji Baba, kamar ya shiga zuciyarta. "Na nema ban gani ba. Na ce yaran yanzu sun daina sawa."

Ta san inda bokitin ya tafi. Ranar da ta je bugawa, shagon ba su da babbar takarda, sai ƙarama irin ta wasiƙa. Don lambobin awo su fito yadda tsoho zai iya karantawa, ta goge layin ƙasa gaba ɗaya, da sunanta da kwanan wata da alamar. Ta kuma kashe ɗige-ɗigen da ke nuna abin da ke ɓoye a bayan bango, wai zanen ya yi tsabta. Da ta bar su, da hoton gaba kaɗai ya nuna masa bangon da aka huda.

"Ni na cire, Baba."

"To."

"Amma kai ma da ka kira ni."

"In kira ki in ce me? Takarda ya yi magana, na ji." Ya mayar da ashanarsa aljihu. "Yanzu sai sabon faranti. Irin wannan ƙarfen da ba ya tsatsa babu shi a garin nan, wancan ma daga Kaduna aka kawo. In na aika gobe, Litinin ya iso."

"Citta ba za ta kai Litinin ba."

"In toshe wannan taga da baƙin ƙarfe, in huda wata?"

"Ruwan citta zai cinye shi, ya ɓata musu kaya da tsatsa."

Ta buɗe kwamfutar a kan gwiwa. Murfin ya fito a allo, tana juya shi da yatsa. Ta cire bangon dama ta manna shi a hagu, yadda Baba ya yi, ta tsaya tana kallo. Sai ta sake ɗauko shi, ta zagayo da shi ta baya, fuskarsa ta waje na nan a waje, ta mayar dama. Ya zauna.

"Baba, ara mini tef. A zanena daga bakin gaba zuwa taga tamanin da biyar ne. Auna naka daga bakin baya."

Ya sa gilashi, ya auna. "Tamanin da biyar."

"To farantin ba shi da laifi. Wurin zama kawai ya ɓata. A cire bangon nan biyu, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Ba sabon ƙarfe, ba sabon rami."

Baba Azariya ya zagaya murfin sau biyu. Ya karɓi kwamfutar, ya riƙe ta nesa da fuska kamar littafin waƙoƙi a coci, ya ce ta sake juya abin ya gani. Ta juya.

"Kwamfuta bai san faifan yanka yana cin ƙarfe ba," ya ce. "In na yanka, kowane gefe ya rasa milimita uku. Akwati ya tsuke, notinki huɗu ba za su hau ba."

"To yaya?"

"Ba a yankawa. Waldar kaɗai za a gurje, a hankali, har faranti ya saki da kansa. Aikin haƙuri ne. Cire wannan farar rigar, akwai wata a ƙusa."

Suka gurza har rana ta yi sanyi, shi da injin gurza, ita da zarto tana bin kusurwa. Bango ɗaya ya saki kafin su tashi, ɗayan sai da safe. Kafin ya kunna walda ya miƙa mata alli ya ce ta rubuta dama da hagu a jikin ƙarfen da hannunta, manya-manya, ba ya son wata shari'a. Ya ɗiga walda a kusurwa huɗu, suka auna tsakanin ramukan noti, ya buga guduma sau biyu, suka sake aunawa, sannan ya ja layin walda.

Ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a ta isa Kachia. Tun daga bakin hanya ta ji warin, wani tsami-tsami a ƙarƙashin yajin citta. Mata na zaune a da'ira, hannuwa sun yi ja, wasu sun naɗe yatsu da tsumma. Buhu goma sha uku suka tsaga tun jiya. Ba wadda ta tashi. Serah ce kawai ta ce, "Injiniya ya dawo. Yau ta sama tagar yake?"

Hulda ta kifa murfin, ta ɗaure noti huɗu, ta ajiye daro a dama. Mijin Serah ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama. Aka juye kwanon farko, citta ta zubo cikin daro fala-fala.

Daga nan sai ƙarar inji. Buhu na bin buhu. Sai da aka zo layin ƙasa Mama Faustina ta ɗaga hannu. Ta kwance bakin buhu, ta tura hannu har gwiwa, ta zaro. Cittar ta yi laushi, da farin gashi a jikinta. Ta buɗe na kusa da shi, haka. Aka ja su gefe ɗaya bayan ɗaya, buhu shida.

"A sa su a kasona," ta ce da Serah.

Hulda ta matso. "Mama, abin da ya faru, akwai hanya biyu da ake jera zane, ni na bi ɗaya, shi Baba…"

"Zai dawo da shidan nan?"

"A'a."

"To ɗauki daron can. A kan dutse ake shanyawa, bayan coci. Ki baza da kyau, kada ki tara wuri ɗaya, rana ta kusa juyawa."

Hulda ta ajiye jakar kwamfuta a kan bencin rumfa, ta naɗa gammo, aka ɗora mata.