Kiran da Aka Amsa wa NyaKaonga

Esnart Kaonga, wadda ake kira NyaKaonga, ta kwashe tukwanenta daga kasuwar bakin tafki a ƙarshen damina, bayan shekaru tana sayar da nsima, wato tuwon masara, da kifin usipa a rumfar da ke kusa da famfo. Ba wanda ya kore ta. Masu cin abincinta ne suka ɗauke ƙafa, tun ranar da wani ya amsa kiranta a shagon cajin waya.

Kiran daga majalisar gunduma ya fito. Bara ne majalisar ta sayo wata na'ura mai kwaikwayon tunanin mutum, ta haɗa mata rajistar kasuwa da ta ruwa da ta asibiti wuri guda. Na'urar tana kiran jama'a da muryar mace, cikin harshen Chitumbuka mai daɗin ji, saboda waɗanda ba su yi karatu ba. 'Yan kasuwa suka sa mata suna Sakatariya. Kuma ta yi rana: famfon da ya shekara a lalace, ita aka kai wa kuka, aka zo aka gyara.

Abin da masu haɗa ta ba su sani ba shi ne inda wayoyin kasuwar suke wuni. Babu lantarki a rumfuna, don haka da safe kowa yakan ajiye tasa a shagon Vitumbiko mai farantin lantarki na hasken rana. In waya ta yi ƙara, shi ke ɗauka, ya buɗe murya saboda hannunsa na kan aiki, ya ji saƙo, ya ƙwala wa mai ita kira. Ta haka ake jin haihuwa da rasuwa, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Ranar Talata ce, masunta sun cika bencin shagon, wasu da farantin abincin Esnart a cinya.

"Da Esnart Kaonga nake magana?" in ji muryar.

"E, ita ce, faɗi," Vitumbiko ya ce, yana kwance bayan wata waya.

"Vitu, yaushe ka zama mace ba a gayyace mu ba?" wani masunci ya ce. Aka kwashe da dariya.

"Esnart, maganinki na farfaɗiya ya iso asibiti, kuma lokacin karɓarki ya wuce. Tunda yau kina kasuwa, ki biya kafin a tashi."

Dariyar ta tsaya. Masuncin da ya yi zolayar ya dubi lomar da ke hannunsa, ya mayar da ita cikin faranti, ya goge yatsunsa a wando.

* * *

A nan har yanzu ana cewa cutar a yawu take, wanda ya ci daga hannun mai ita zai ɗauka. Malaman asibiti sun gaji da cewa ƙarya ne. Washegari Esnart ta tuƙa nsima kamar kullum, ya wuni a tukunya har ya yi ɓawo.

NyaMhango, mai rumfar da ke maƙwabtaka da ita, ta leƙo da rana. Nata bencin ya cika har wasu suna ci a tsaye.

"NyaKaonga, 'yar'uwa, ni fa ban yarda da zancen yawun nan ba. Amma ai da kin gaya mana."

"Da na gaya miki, da kin ci?"

NyaMhango ta ce ana kiranta, ta koma.

A gida mijinta Lameck yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar ɗaki. Shi da malamar asibiti ne kawai suka san ciwon. Tun kafin su yi aure take shan magani, ciwon bai taɓa kayar da ita a gaban mutane ba.

"Zan je in fasa wa yaron nan baki," ya ce.

"Ka bar shi. Ranar da mahaifiyarka ta rasu, shi ya amsa, ka yi masa godiya." Ta zauna a kan turmi. "Abin da ban gane ba, ban taɓa ba asibiti lambata ba. Da gangan na hana."

* * *

Mista Msiska, jami'in da ke kula da na'urar a ofishin majalisa, ya saurare ta har ta gama. Mutum ne mai ladabi, idanunsa sun yi ja da kallon kwamfuta.

"Mama, lambar daga rajistar kasuwa ta ɗauko. Ta ga suna ɗaya, shekaru ɗaya, ta gane ke ce. Aikinta ke nan."

"Wa ya ce mata ta gane?"

Ya juya ga kwamfutarsa. Ya danna wani abu, muryar Vitumbiko ta fito: "E, ita ce, faɗi."

"Kin ji. Ta tambaya, aka ce ke ce. Ƙa'ida ta cika."

"Ɗana, wannan muryar mace ce? Na'urar da ta san ina kasuwa ran Talata ba ta san namiji ba?"

"Ba a koya mata wannan ba tukuna." Ya murza ido. "Zan rubuta wa kamfanin da ya haɗa ta. Suna babban birni."

"To ka cire lambata."

"In na cire ta daga kasuwa, izinin sana'arki ya mutu. Rajista ɗaya ce yanzu."

"To ta yaya za ta daina kira na?"

"Waɗanda ke karɓar magani kawai take kira a kan magani."

Esnart ta miƙe. A ranta ta auna abu biyu: ƙwayar da ke riƙe da ita, da tukunyar da ke riƙe da gidan. Ta yi masa godiya, ta fita.

* * *

Yanzu tana dafa abinci a wata mashigar jiragen ruwa da ke can arewa, inda ba wanda ya san ta sai da sunan mai nsima. Can ma shago ɗaya ne ake cajin waya, can ma mai shagon ke amsawa. Kafin ta bar kasuwar bakin tafki ta je asibiti ta ce a soke sunanta daga cikin masu karɓar magani. Malamar ta roƙe ta har bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

Majalisa ta ce tana nazarin lamarin. Kamfanin bai ba Mista Msiska amsa ba. A kasuwar bakin tafki Vitumbiko ya daina ɗaukar wayar kowa, mutane suna ta yi masa tsiya cewa ya fara girman kai.

Ƙwayoyin da suka rage mata sun ƙare a watan jiya. Ciniki yana tafiya, masunta suna yaba girkinta. Da asuba, kafin jirage su dawo, takan hura wuta ita kaɗai, ta ɗora kaskon mai, ta sunkuya a kansa tana jiran ya yi zafi.