Ranar da Aka Ɗora Kaka Kan Shinkafa

Da aka sallamo Baba daga asibitin ƙashi, bayan an sa masa ƙarfe a ƙugu a madadin ƙashin da ya cinye, likita ya kafa masa doka: ba durƙuso, ba zama a ƙasa. In ya karya dokar, ƙarfen zai iya gocewa, a koma tiyata. Ni aka ɗora wa tsaronsa, tunda ina hutun jami'a.

Muka samo kujera mai tudu muka ajiye masa a zauren gidanmu a Birnin Kebbi. Abokansa na fadama in sun zo dubiya sai su riƙa kiransa alƙali.

Ranar Laraba fijo ta sauke Malam Hodi daga Argungu. Shi ne kakana, mahaifin Inna, kuma tun da Baba ya auri 'yarsa bai taɓa gaishe shi ba sai a durƙushe.

Kaka ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa ya zauna. Na ga Baba ya miƙe ya dafa sanda, gwiwarsa ta fara lanƙwashewa.

"Baba, likita ya hana," na ce a hankali, na riƙe masa hannun riga.

"Likita ba shi da suruki, Laure."

Kaka ya ɗaga hannu. "Labbo, zamna bisa kujerarka. Na yahe."

"Allah gafarta Malam, ni bisa, kai ƙasa? A ji wanga labari Argungu?"

Daga bayan ƙofa Inna ta ce a aro wa Malam kujera a maƙwabta. Kaka ya ce shi da ya tsufa a kan buzu ba zai fara lilo da ƙafa yanzu ba. Baba ya tsaya cak, bai zauna ba, ban kuma bari ya durƙusa ba. Gumi ya jiƙa masa hula, ƙafar da aka yi wa aiki tana rawa.

A jikin bango akwai buhunan shinkafarmu ta bana, an jera su sun kai ƙirjin mutum. Ban iya magana a gaban manya ba, amma da Kaka akwai wasa.

"Angona," na ce, "in kana sona ka hau can da buzunka."

Ya dubi buhunan, ya dube ni. "So kike in hwaɗo ki yi takaba, ki auri ɗan boko."

"Ai ba kujera ba ce."

Ya shafa gemu. "Wanga gaskiya ne."

Aka kira maƙwabtanmu Yari da Kalilu, suka cicciɓe shi suka ɗora, yana yi musu faɗa kada su yaga masa riga. Baba ya zauna a kujerarsa, kansa daidai gwiwar surukinsa, ya sunkuyar da kai ya kwashi gaisuwa har da ta awaki.

"Nan akwai iska," in ji Kaka. A can ya ci tuwo. Sallah kaɗai ke sauko da shi, a sake kiran su Yari.

Da zai koma Argungu ya ce kada a taɓa buhu ko ɗaya sai Labbo ya warke, don zai riƙa zuwa dubiya. Baba ya amsa da ladabi.

Har Baba ya ajiye sanda tuwon gero muke ci, ga shinkafa jibge a zaure.